Farautar tsofaffin kwamfutoci a Sakkwato: yadda za ka riga ɗan gwangwan

Duk tsohuwar kwamfutar da ta rage a garin nan, mutum biyu ne ke nemanta: kai mai son ajiyewa, da ɗan gwangwan mai saye a kan sikeli. Shi kullum yana tafe da baro, lungu-lungu, daga Mabera har Runjin Sambo, kai kuwa sai ranar Asabar kake samun sarari. In ya riga ka, kafin la'asar an sa mata guduma, an ware tagulla gefe guda, alminiyam gefe guda, bod ɗin, wato allon da ƙananan kayan lantarkinta ke manne a kai, ya shiga buhu. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Abin da ke ci mini rai shi ne, irin waɗannan na'urori an daina ƙera su tun tuni, wadda aka fasa ta tafi ke nan. Saboda haka wannan jagora ta ginu ne kan abu biyu: yadda za ka isa wurin kwamfutar da wuri, da yadda za ka kai ta gida ba ka kashe ta da hannunka ba.

Ka fara sanin abin da kake nema

Wanda ya fita neman "tsohuwar kwamfuta" kawai, tarkace zai cika ɗaki da su. Kaso uku ne a wurina, kuma sauƙin samunsu a nan ya bambanta ƙwarai.

Akwai kwamfutocin gida na shekarun 1980, waɗanda duk na'urar tana ƙarƙashin kibod, ana haɗa su da talabijin, ana loda musu manhaja daga kaset irin na rediyo. Commodore 64 ta fito a 1982 a Amurka kan dala 595, kuma an sayar da miliyoyinta. A shekarar ce Clive Sinclair ya fitar da ZX Spectrum a Ingila, 'yar ƙarama mai maɓallan roba, mai ma'adana (memori) 48K kan fam 175. Akwai BBC Micro ta kamfanin Acorn daga 1981, da Amstrad CPC 464 ta 1984 mai rikoda a jikinta, da Amiga 500 ta 1987, wadda ita da faifan fulofi take aiki maimakon kaset. Waɗannan ba su yi yawa a ƙasar Hausa ba. In ka ci karo da ɗaya a Sakkwato, yawanci wani ne ya je karatu Ingila a wancan zamani ya dawo da ita cikin akwati.

Kaso na biyu shi ya fi soyuwa gare ni, kuma masu tara kaya na Turai ba su cika sanin darajarsa ba: Sakhr. Kamfanin Al Alamiah na Kuwait, na Muhammad Al-Sharikh, shi ya ɗauki tsarin kwamfutar gida mai suna MSX da Japanawa suka fitar a 1983 ya mayar da shi Larabci. Yamaha da Sanyo suka ƙera masa na'urorin, irin su AX-150 da AX-170 da AX-350, da haruffan Larabci a kan maɓallai, da manhajojin koyon karatu da na Alƙur'ani a cikin katrij da ake cusawa ta sama. Garin da ke tura ɗalibai Madina da Alƙahira, kuma alhazai ke dawowa da tsaraba duk shekara, ya cancanci a bincika shi saboda wannan na'ura. In ka ga kibod mai kauri da alif da ba a jikinsa, an rubuta صخر a gefe, kada ka bari ya kwana a wurin.

Na uku su ne na tebur, jikokin IBM PC ta 1981: waɗanda ake kira da sunan ƙwaƙwalwarsu (furosesa), wato masu 386, da 486 da Intel ya fitar a 1989, da Pentium na farko na 1993, masu tafiya da MS-DOS ko Windows 3.1 ko Windows 95. Waɗannan su ne suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu a shekarun 1990, su ne kuma za ka fi samu. Ga mai farawa, da su nake ba da shawara, don kayansu suna shiga juna, kuma har yanzu akwai masu gyara a gari da suka taɓa buɗe irinsu. Ka sa ido kuma kan Zinox da Omatek na farko-farkon shekarun 2000, waɗanda aka harhaɗa a Najeriya. A yau ana yi musu kallon shara, amma tarihin ƙasar nan ne a jikinsu, kuma babu wani ɗan Turai da zai adana mana su.

Ka zaɓi kaso ɗaya ka tsaya a kai na shekara guda. Kuɗi da wuri duka za su gode maka.

Inda suke ɓoye

Kasuwa ce wurin da kowa ke fara zuwa, ita ce kuma ta ƙarshe a lissafina. Ka zaga sashen kayan lantarki na Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa, ba laifi, amma ba don ka ga kwamfutar 1985 a kan kanta ba. Je ka don ka san mutane.

Mutumin da ya fi kowa amfani gare ka shi ne dattijon mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ya haura shekara talatin a shago ɗaya. Bayan kowane irin wannan shago akwai tulin kayan da aka kawo gyara ba a dawo an karɓa ba. Kada ka shiga da tambaya. Yi sallama, ku gaisa sosai, ka zauna a benci in an ba ka wuri. Sannan ka nuna masa hotuna a wayarka, domin sunan Commodore ba zai tuna masa komai ba, hoton kuwa yana iya tunawa. Wani dattijo da na nuna wa hoton Sakhr ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wagga ai na san ta. Mi za ka yi da ita, ɗana?" Na ce, "Baba, ajiyewa zan yi, yara su ga abin da aka fara da shi." Sai da na koma sau uku kafin ya sa yaronsa ya ɗaga tulin. Haka abin yake, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ka tuna kuma kayan gyara amana ne a hannunsa. In ya ce mai shi yana raye kuma ya san gidansa, roƙe shi ya haɗa ku, kada ka sa shi sayar da abin da ba nasa ba.

Sai 'yan gwangwan kansu. Maimakon ka yi tsere da su, mayar da su abokan hulɗa. Je wurin mai sikelin, uban gidansu, ka bar masa hotuna da lambarka, ku yi magana a fili: duk abin da ya zo mai kama da wannan, kada a fasa, za ka biya fiye da kuɗin kilonsa. In ya kira ka, ka je ranar, ko da abin da ya samu bai yi maka ba, ka ba yaron da ya ajiye na goro. Ka ƙi zuwa sau biyu, ba zai sake kira ba.

Akwai gidajen tsofaffin malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa tun 1975, da na kwalejin ilimi da na kimiyya da fasaha, da tsofaffin ma'aikatan banki da 'yan jarida. A nan ba cinikin kasuwa ake yi ba. Ta hannun ɗa ko ƙane ake shiga, kuma sau da yawa in mai gidan ya gane ba sayarwa za ka yi ba, kyauta zai ba ka, har ya haɗa maka da littafinta da kwalin faifai. In gidan marigayi ne, ka tabbata an raba gado ko magada sun yarda baki ɗaya. Kwamfuta ba ta kai a ci haƙƙin maraya saboda ita ba.

Sito na ma'aikatu da makarantu cike suke da 486 da Pentium, amma kayan hukuma ne. Ko mai gadi ya ce ka ɗauka ba komai, kada ka taɓa. Ka jira a yi gwanjonsu bisa ƙa'ida, ka karɓi rasit, ka adana shi.

Mai zuwa Illela yana iya tambaya a Birnin Ƙonni. Abin da ya shigo ta ɓangaren Faransa, irin su Thomson MO5, jerin haruffansa daban ne kuma hotonsa ba lallai ya dace da talabijin ɗinmu ba, don haka ba na mai farawa ba ne.

Dubawa kafin ka biya

Ka riƙa fita da 'yar jaka: sukudireba mai baki huɗu da mai faɗi, tocila, tsohon burushin haƙori, da mita ta gwada wuta. Mitar nan ita ce jarinka na farko, ka saye ta kafin ka sayi kwamfuta ko ɗaya.

Fara da hanci. Warin ƙuna, ko ƙarni kamar na kifi, alama ce ta kafasito, ɗan abin da ke tara wuta a kan bod, da ya fashe ko ya yi yoyo. Zarnin fitsarin ɓera ya fi muni, don yana cin layukan tagulla. Girgiza ta a hankali ka ji ko wani abu na yawo a ciki. Juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasa: sunan samfuri, lamba, da ƙarfin wutar da take sha. Ƙirga maɓallai, domin maɓalli ɗaya da ya ɓace yana iya ɗaukar ka wata shida kana nema.

Sannan ka nemi izini ka buɗe. In mai kaya ya ƙi, ka yi tayi kamar matacciya ce. A ciki, abin da za ka fara nema shi ne batir. Bod ɗin 386 da 486 da yawa suna da wani ɗan batir mai kama da ganga, shuɗi ko kore, kusa da inda ake cusa kibod. Irinsa ne a cikin Amiga 500 Plus, da kuma cikin katin ƙarin ma'adana da ake sa wa Amiga 500 ta ƙasa. Bayan shekara talatin kusan dukansu sun yi yoyo, ruwan yana bin layukan bod yana mayar da su kore kamar gansakuka. In koren bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, ana ceto. In ya kai ƙafafun aisi (baƙaƙen 'yan guntayen nan masu ƙafafu da yawa a kan bod) da ramukan katuna, sayi akwatin da sauran kayan kawai, bod ɗin ya gama. A Amiga 600 da 1200 kuwa ƙananan kafasito ne ke yoyo, za ka ga dalmar gefensu ta dushe ta daina ƙyalli. Duba kuma ko akwai soket da babu aisi a kai. Masu gyara kan cire kaya daga matacciya su raya wata, kuma a Commodore 64 aisin sauti mai suna SID shi aka fi cirewa, shi ne kuma mai tsada.

Sakkwato tana da nata alheri a nan. Bushewar iskarmu ta sa tsatsa ba ta cin ƙarfe kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal, sau da yawa za ka share ƙura ka tarar da bod fes. Abin da muke fama da shi zafi ne. Kwamfutar da ta yi bazara talatin a ɗakin kwano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 tun a waje, robarta ta bushe tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, bel ɗin rikoda ya narke ya zama kwalta. Kwance noti a hankali, kada ka tilasta maƙalai. Ka leƙa ramukan iska kuma, zanzaro na son gina gidan laka a ciki.

Duk abin da ke tare da ita ka haɗa: adafta, wayoyi, kaset, katrij, littafi, kwali. Wani lokaci adaftar ta fi kwamfutar wuyar samu.

Wajen ciniki, ƙa'idata ɗaya ce: abin da ban ga yana aiki ba, kuɗin matacce nake biya. Mai kaya zai iya buɗe waya ya nuna maka farashin eBay. Ka gaya masa cikin ladabi cewa wancan kuɗin da ake nema ne, ba wanda aka biya ba, kuma na wadda aka gyara aka gwada ce. Amma kada ka zalunci wanda bai san abin da ke hannunsa ba. In tsohuwa ta ce ka ba da abin da ya sauƙaƙa, ba ta abin da zuciyarka za ta natsu da shi.

Kada ka kunna

Wannan shi ne wurin da aka fi yin asara, shi ya sa zan daɗe a kansa. Mai kaya zai ce, "Bari mu jona ta mu gani." Ka ce a'a, ko da janareta na aiki, musamman ma in janareta ne. Ni kaina na taɓa rasa Spectrum lafiyayya cikin daƙiƙa ɗaya, saboda na yarda aka cusa mata adaftar da bakinta ya shiga daidai. Har yau abin yana damuna.

Dalilin shi ne, Spectrum tana shan bolt 9, amma a bakin adaftarta tsakiya ne negatif (−), gefe ne fositif (+), akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa yau. Ka juya mata wuta, ta ƙone. Commodore 64 kuma matsalarta adaftarta ta asali: tana ba da bolt 5 da bolt 9, an cike cikinta da wani danƙo mai tauri, in ta tsufa sai bolt 5 ɗin ya riƙa hawa har ya kashe aisin ma'adana. Gwada ta da mita ba tare da ka haɗa kwamfutar ba. In ta haura 5.2, ajiye ta don tarihi, ka nemi sabuwa da ake ƙerawa yanzu. BBC Micro da Apple II suna da wani kafasito mai suna RIFA a sashen wuta, wanda jikinsa ke tsattsagewa da tsufa, in wuta ta shiga sai ya fashe ya cika ɗaki da hayaƙi mai wari. A canza shi tukuna.

Sai ƙarfin wuta. Tamu bolt 230 ce, daidai da ta Ingila, shi ya sa kayan Ingila suka fi mana sauƙi. Kayan Amurka na 120 ne, na Japan 100, dole sai da taransifoma mai rage wuta. Sakhr da ta fito daga Saudiyya ka karanta takardarta da kyau, don a wancan lokaci ana amfani da 127 da 220 duka a can. A bayan kwamfutocin tebur akwai ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Kayan gwanjo daga Amurka kan zo yana kan 115. Duba shi kafin komai.

Ga yadda nake bi in na kawo sabuwa gida. Na buɗe ta a inuwa, na ɗauki hoton yadda kowace waya take kafin in cire. Na yanke batir in jefar. Inda ya yi yoyo na goga ruwan khal da burushi, don ruwan batirin kamar kanwa yake, tsami ke kashe shi, sannan na bi da sifirit, na bar shi ya kwana ya bushe. Na kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi. In lokacin hunturu ne, na taɓa ƙarfen ƙofa ko famfo kafin in taɓa bod, saboda tartsatsin da ke kama hannu a bushewar iska ya isa ya kashe aisi. Na gwada adafta ita kaɗai. A tsofaffin na tebur masu tsarin AT, wayoyin wuta biyu ne ke shiga bod gefe da gefe, kuma baƙaƙen wayoyin su ne ke haɗuwa a tsakiya, in ka juya su ka gama da bod ɗin. Sai bayan duk wannan nake kunnawa, ta kan sitabilaiza ko inbata, hannuna a kan makunni, ina sauraro ina shinshinawa.

Abu biyu kada ka buɗe da kanka: monita ko talabijin mai ƙeya, da cikin akwatin wutar kwamfutar tebur. Suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare su daga soket. Kai wa dattijon nan mai gyaran talabijin, aikinsa ne.

Ka nemi tsohuwar talabijin mai ƙeya ƙarama ka ajiye, tun kafin su ma su ƙare. Da ita waɗannan na'urori suka fi nuna hoto. Tsarin talabijin ɗinmu PAL ne, na Amurka NTSC, don haka Commodore ta Amurka tana iya nuna maka baƙi da fari alhali lafiyarta ƙalau. Lafiyayyar Commodore 64 za ta buɗe da shuɗin allo tana cewa akwai bait 38911 na ma'adana a sake. Spectrum za ta nuna farin allo da sunan Sinclair da 1982 a ƙasa. Ta tebur za ta ƙirga ma'adana ta yi ƙara ɗaya gajere. In ta koka cewa agogo ya ɓace, batirin da ka cire ne, ba ciwo ba ne.

Saye daga nesa

In gari ya gaza, sai Kano, wajen titin Beirut da 'yan kayan gwangwan na Ƙofar Ruwa, ko Legas, a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba. Ana kuma sa kaya a Jiji da Facebook. Kada ka tura kuɗi kan hoto. Ka ce a ɗauko maka bidiyo, da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar a gefen na'urar, a nuna ƙasanta da cikinta. Mafi kyau ka sa ɗan'uwa da ke can ya je ya gani da ido, ya biya, ya kai tasha da kansa. A naɗe ta da tsumma ko katifar soso, a cire duk katin da ke lilo, monita kuma a kwali daban, fuskarta ƙasa a kan abu mai laushi. Hanyar Legas zuwa nan doguwa ce, kuma tsohuwar roba ba ta jure jijjiga.

A eBay, in mai kaya ya rubuta cewa bai gwada ba, ka ɗauka ya gwada ta ƙi. Duba farashin abin da aka riga aka sayar. Lissafa kuɗin jirgi da na kwastam tun farko, don sukan fi kuɗin kayan, kuma ka sani akwai dokar hana shigo da matattun kayan lantarki ƙasar nan, saboda haka mai aiki za ka saya. A ganina abin da ya cancanci odar waje ƙananan kaya ne: sabuwar adafta, fatar ƙarƙashin maɓallan Spectrum da ke yawan tsagewa, Gotek da ke maye gurbin faifan fulofi da filashi, SD2IEC da ke sa Commodore ta karanta katin memori, da adaftar da ke sa katin CompactFlash ya zama rumbun ajiyar bayanai (hard disk) na 486.

Bayan ta zama taka

Rumbun tsohuwar kwamfutar ofis ko ta gida yana iya ɗauke da wasiƙun mutane, da lissafin albashi, da sakamakon jarrabawa. Ba naka ba ne. In ka san mai ita, kwafe masa ka kai masa, sau da yawa murnar da zai yi ta fi kuɗin da ka biya. In ba ka san shi ba, goge takardun, ka bar manhajojin.

Robar da ta koma ruwan ɗorawa, wasu na shafa mata sinadarin gashi su shanya a rana don ta yi fari. Ranar Sakkwato ta fi ƙarfin wannan dabara, dabbare-dabbare take bari, kuma launin na dawowa. Ni sabulu da tsumma kawai nake sa wa.

Ajiye su a ɗaki mai silin, nesa da taga, a kan katako mai ƙafar ƙarfe saboda gara, ka rufe da zanen auduga ba leda ba. Kaset da fulofi su zauna a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da lasifika, don maganaɗisu na goge su. Duk wata biyu ko uku ka kunna kowace na ɗan lokaci, da safe kafin rana ta yi zafi. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowace na'ura da shafinta: lambarta, ranar da ka same ta, unguwar, abin da ka canza a ciki, da abin da mai ita ya gaya maka, wato shekarar da ya saye ta, a wace ƙasa, da aikin da ya yi da ita. Ka rubuta wannan a daren da ka kawo ta, tun maganar dattijon tana kunnenka.